Ɓarin Kai da Yayen Mas'uda

Ciwon ɓarin kai ya kama ni tun ina budurwa. Da shi na haifi 'ya'yana, da shi na yaye su, da shi na aurar da su, kuma ban taɓa zama na yi wa wani bayaninsa ba. A gidanmu, can kusa da Kanya Babba, inda iyayenmu suka ɗauki fartanya ba tare da sun rabu da shanu ba, mace ba ta cewa wayyo. Idan ya taso sai in ce zan ɗan kishingiɗa, in shige tsohuwar bukkata, in saki asabari, in ɗaure kai tam da ɗankwali, in jira ya gaji ya tafi.

Yana da sallama kuwa, ba ya faɗowa haka kawai. Da farko sai in ga wani ƙyalli a gefen ido, kamar rana ta bugi ruwa a ƙwarya, yana rawa yana ƙara faɗi. Sai rabin abin da nake kallo ya ɓace. Can sai sara ta fara daga bayan idon dama, tare da tashin zuciya. A lokacin nan haske da ƙara da ƙamshi duk abokan gabana ne.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, ɗana Halliru, wanda zan iya kiran sunansa tunda ba shi ne na fari ba, yana aikin malamin gona a Kazaure. Da ƙaramar salla ya kawo mini matarsa Saude da 'yarsu Mas'uda su kwana biyu. Saude 'yar Roni ce, iyayenta masu aiki a gidan hakimi, yarinya mai ladabi wadda ba ta ɗaga ido ta kalle ni. Washegarin salla ta durƙusa tana miƙo mini fura, ƙyallin ya fara, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Yarinya, matso dama, rabin fuskarki ya tafi."

Ta ajiye ƙwaryar ta fita da baya. Kafin in gama ɗaure kai ta tara mini maƙwabta, kuma kowa ya zo da iliminsa. Aka ce mai ganin wuta da rana tsaka, mai son duhu, ai ba sai an tambaya ba, iska ce. Aka kawo kasko da garwashi, aka zuba itatuwan turare, aka tura mini cikin bukka, aka saki asabari don kada hayaƙin ya fita. Duk wanda ya san ciwon nan ya san abin da aka yi mini. Na rarrafo waje ina amai, na yi wurgi da kaskon har ya fashe. Sai na ji wata tana cewa, "Kun gani ko? Mutanen jikinta ba sa son hayaƙi."

Ni ce ba na son hayaƙi, ba wasu mutane ba, amma ba ni da bakin faɗa a ranar.

Da lokacin yaye ya matso na fara shiri. A zuriyarmu 'yar fari ta ɗa namiji a ɗakin uwarsa ake yaye ta, haka aka yi mini, haka na yi wa uwar mijina. Na ware saniya mai nono, na surfa gero, na ɗinka majanyi sabo. Sai ga Halliru a kan babur, shi kaɗai. Ya gaishe ni, ya tambayi shanu, ya tambayi damina, ya koma ya sake tambayar shanun.

Na ce, "Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya ce, "Inna, wai Hajiya ce ta ce ko za a bar yarinyar a Roni. Saboda lalurarki."

Hajiya Dela yake nufi, uwar Saude. Na tambaye shi wace lalura, sai ya hau wasa da makullin babur. Yaron da na goya ina cikin wannan ciwo, na ba shi nono idona a rufe, shi aka aiko ya gaya mini ba za a iya ba ni amanar 'yarsa ba. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, kuma na san idan na yi shiru a wannan, babu jikan da za a sake kawo mini. Na ce ya gaida gida.

Na ji labari ana suna a gidan Hajiya Dela ranar Laraba, ɗanta ya sami ƙaruwa. Ba a gayyace ni ba. Na ɗauki mayafina na bi 'yan kasuwa zuwa Babura, na shiga motar Kazaure. A tasha na yanke shawara cewa kunyar da ta jawo mini wannan, a nan zan bar ta.

Wata mai tallan nono ce kusa da ni a motar. Ko gaisawa ba mu gama ba na ce, "Baiwar Allah, kin taɓa ciwon kai na ɓari ɗaya, wanda haske ke fara gilma miki?" Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan mijinta. Can ta sunkuyar da kai ta ce, duk wata. Wani dillalin shanu daga tsallaken iyaka, wanda aljihunsa ke cike da goro, ya juyo ya ce nasa na hagu ne, kuma shi ya sa yake naɗa rawani ko ana zafi. Direba ya yi dariya ya ce shi idan nasa ya taso yakan tsaya gindin bishiya ya ce wa fasinja inji ne ya ɗau zafi. Wasu suka ce ba su san shi ba sam, wasu suka ce uwarsu ce ko ƙanensu. Motar ba ta da girma, amma kafin mu ga duwatsun Kazaure na gane ashe rabin rayuwata na yi ina ɓoye abin da ke cike da kasuwa.

Na isa Roni bayan azahar. Tsakar gidan cike da mata, tabarmi har bakin rijiya, ana ta rabon tuwo. Hajiya Dela tana zaune kan kujera, haƙorin Makka yana ƙyalli. Ta tarbe ni yadda ya kamata, ba zan yi mata ƙarya ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na yi barka, aka kawo ruwa. Saude ta zo ta durƙusa nesa, Mas'uda a bayanta tana tsotsar yatsa.

Hajiya ta ce, "Innar Halliru, da kin aiko ai da mun turo a ɗauko ki. Yaya jikin?"

Na ce, "Jikin ne ya kawo ni, Hajiya. Na zo in gaya muku yadda yake, tunda an riga ni ba da labarinsa."

Ta ce mu shiga daga ciki. Na ce a'a, a tsakar gida aka yi da ni, a tsakar gida zan amsa. Na ɗaga murya yadda na can bakin rijiya za su ji. Na faɗi ƙyallin, na faɗi rabin fuska da ke ɓacewa, na faɗi sarar da aman da son duhu. Na ce sunansa ɓarin kai, kuma duk wadda aka turo wa hayaƙi tana cikinsa sai ta fasa kasko, ko da kuwa matar liman ce.

Masu rabon tuwo suka tsaya da mara a hannu.

Na ce, "Yanzu ina tambaya. A cikinku wace ce ba ta taɓa ɗaure kai ta shige ɗaki ta ce barci take ji ba? Ku dube ni. Ni na riga na zubar da tawa kunyar, ba abin da ya same ni."

Kowacce ta kau da ido. Na tsaya nan, tsohuwa da ni, a gidan surukai, ina jin gumi yana bin bayana. Na fara tunanin ko a mota ne kawai mutane ke da gaskiya, inda kowa zai sauka ya kama gabansa.

Sai wata tsohuwa da ke jingine da bango ta yi gyaran murya. Gwaggo Shatu ce, yayar maigidan, wadda ba a ƙetare maganarta a gidan. Ta ture ɗankwalinta baya ta nuna tabon tsagar wanzami a gefen goshinta. Ta ce, "Nawa sai da na daina haihuwa ya sake ni. Sau nawa aka zubar mini da jini a nan, bai yi komai ba."

Daga nan bakuna suka buɗe. Wata ta ce nata ranar azumi yake zuwa. Wata ta ce warin man fetur ke tayar mata da shi tun da mijinta ya sayi babur. Wata matashiya ta ce ita ba ta ganin haske, sarar kawai. Wata kuma ta ce mijinta ne, yakan kulle kansa a turaka ya ce lazimi yake. Aka yi dariya, irin dariyar da ke zuwa bayan an daɗe ana riƙe numfashi.

Hajiya Dela ba ta yi dariya ba. Mace ce mai kai, kuma ba ta ba da kai da wuri. Ta ce, "To mun ji, ba iska ba ce. Amma ranar da ya kayar da ke, wa zai duba yarinya? Ga rijiya, ga wuta, ga shanu."

Tambaya ce ta gaskiya, na ba ta wannan. Na ce, "Wanda ya duba ubanta. Idan ƙyallin ya fara ina da lokacin da zan miƙa ta ga matar ƙanen mijina, ɗakinta na kallon nawa. Da ban faɗa ba ne ake samun matsala, yanzu kuwa zan faɗa da babbar murya. In kuwa ciwon nan yana hana riƙon yaro, to a kwashe yaran gidan nan daga hannun duk waɗanda suka yi magana yanzu, mu ga wa zai rage."

Hajiya ta dubi Gwaggo Shatu, Gwaggo Shatu ta mayar da ɗankwalinta. Hajiya ta ce magana tana hannun uwar yarinya. Saude ta tashi ta shige ɗaki da 'yar, ba ta dubi kowa ba.

Na jira har la'asar ba ta fito ba. Na yi sallama na kama hanya, zuciyata kamar dutse. Na faɗi abin da na zo faɗa, amma bayana babu komai.

A zaure na sami Saude. Ta durƙusa a gefen ƙofa, ƙullin kayan yarinyar a gabanta, tana kwance majanyi. Muryarta ƙasa ƙasa, idonta a ƙasa.

Ta ce, "Inna, ni ma ina ganin hasken nan. Tun bayan da na haife ta. Ko shi ban gaya wa ba. Ranar da na gan ki kina rarrafe, sai na ce ashe haka zan zama."

Duk fushin da na ɗauko daga gida ya sauka. Tausayinta ya kama ni, yarinya ƙarama tana kwana da wannan tsoro ita kaɗai, tana jiran ranar da za a turo mata kasko.

Na ce, "Haka za ki zama mana. Ki haifa, ki yaye, ki aurar, ki tsufa, ki je gidan surukai ki yi rashin kunya. Juyo mini da ita."

Ta ɗora mini Mas'uda a baya, ta taya ni ɗaure majanyin. Yarinyar ta fara kuka tana miƙa wa uwarta hannu, kamar yadda kowane ɗan yaye ke yi. Na gyara ta da kafaɗa, na ce wa Saude ta koma ciki kada yarinyar ta gan ta, na nufi tasha.