Aron Kati

Ƙarfe goma da 'yan mintoci kamfanin fenti ya fashe. Ina tsakar gida ina shanya. Ban fara jin ƙarar ba, ƙasa ce ta motsa a ƙarƙashina kamar an fizge tabarma ina kai. Sannan ƙarar ta iso, sannan gilasan tagoginmu uku suka zube cikin ɗaki lokaci guda. Zanin gadon da ke hannuna ban sake shi ba, na tsaya riƙe da shi ruwa na ɗiga a ƙafata.

Gidanmu na layi na biyu daga katangar kamfanin. Shekara goma sha tara muna shaƙar warin fenti, har mun daina jinsa sai in baƙo ya zo ya toshe hanci. Rabin mazan unguwar can suke aiki, har da mijina. Shi ke tuƙa 'yar motar ɗaga kaya a rumbun ganguna, shi ya sa kowa ke ce masa Direba, duk da motar tasa ko tsohuwa mai sanda za ta wuce ta.

Ranar bai je ba. Haƙori ya tasa shi a gaba, kuncinsa ya kumbura suntum, kwanakin hutunsa kuma ya cinye su tas tun shekara ba ta raba ba. Sai ya yi abin da kowa ke yi a kamfanin, wato aron kati. A ƙofar shiga akwai na'ura. Ka manna katinka, ta yi 'yar ƙara, ta rubuta ka shigo. Na'urar ba ta da ido. Mai uzuri sai ya ba abokinsa da ke hutu katin, ya shiga da sunansa ya yi masa aikin ranar, wata rana a rama masa. Masu kula da ma'aikata sun sani, sun kau da kai. Mu matan ma mun sani. Ofis ne kaɗai bai sani ba, shi ma a rubuce.

Da sassafe Dogo ya zo ya karɓi katin. Maƙwabcinmu ne, gida uku tsakani. A sashen cika gwangwani yake, amma ya iya motar. Ya leƙa ɗaki ya ga kuncin mijina, ya yi dariya har da dafa bango.

"Yaya, don Allah kada Maman Biyu ta ji," ya ce mini, yana nufin matarsa. "Na ce mata gidan ƙanena za ni. Tunda likita ya yi maganar ƙirjina, in ta ji na shiga aiki ranar hutu, ɗanye za ta cinye ni."

Na ce ni ba ruwana da ƙaryar maza. Ya sa katin a aljihun gaba ya fita yana sunkuyar da kai a ƙofa, don ƙofarmu ba a yi ta don irinsa ba.

Bayan ƙarar fashewar, mijina ya fito daga ɗaki da singileti, ba takalmi, yana taka gilashi bai ma sani ba. Ya kai ƙofar gida, ya sa hannu a sakata, sai ya ɗaga kai ya ga ta inda hayaƙin ke tashi. Ya san kamfanin nan kamar yunwar cikinsa. Ya saki sakatar.

"Rumbun ganguna ne," ya ce.

"To buɗe mana mu fita."

"Wajena ne. In motar ce ta huda ganga fa? Katina ne a ciki. Ni na ba wanda ba shi da izinin tuƙa ta." Ya koma da baya yana barin sawun jini a siminti. "Ki fita ki sa kwaɗo ta waje. Kowa ya tambaye ki, ba ki san komai ba."

Na yi abin da ya ce. Ba zan ce na yi tunani ba, hannuna ne ya rufe kwaɗon.

A layi kowa na gudu, amma ba gefe ɗaya ba. Mai kantin kusurwa na tsaye cikin kayansa da suka zubo, yana ɗaga gwangwanin madara ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa kan kantar da ta karye. Wata maƙwabciya ta fito da murfin tukunya a hannu. Toka na sauka a hankali, tana manne wa gashin ido. Can sai ga motar 'yan sanda da lasifika, ana cewa jama'a su shiga gida su rufe tagogi. Muka juya muka dubi tagogin. Da suka zagayo karo na biyu sun canza magana, kowa ya tafi makarantar firamare da ke bayan kasuwa, inda iska ba ta kai hayaƙin.

A can muka yini, manyan mata a kan bencin yara, gwiwa har ƙirji. Ma'aikatan jinya na raba takunkumi, suna ciro gilashi daga fatar mutane da ɗan hantsaki. Maman Biyu ta same ni wajen azahar, ɗaya a goye ɗaya a hannu. Ƙarama ce a kaina sosai, ni na yi mata zaman asibiti da ta haifi tagwayen.

"Yaya, kin ji daga Direba?"

Na girgiza kai.

"Kada ki damu, wayar kowa ba ta shiga. Ta Baban Biyu ma haka, tun ɗazu nake gwadawa. Allah dai ya rufa asiri yau yana hutu."

"Allah ya rufa," na ce. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Bayan la'asar wani ma'aikacin ofis mai farar hular kwano ya shigo da takardu biyu ya manna a allo. Daga na'urar ƙofa aka ciro sunayen. Ɗaya ta waɗanda ke asibiti, ɗaya ta waɗanda suka shiga da safe ba a gan su ba. Mutum goma sha ɗaya. Sunan mijina ne na bakwai, har da lambar katinsa. Duk wanda ya ga wanda ke kan motar ranar, sunansa na kan ɗaya daga takardun nan biyu, ba ya cikin halin da zai yi magana.

Mutane suka buɗa mini hanya. Hannuwa suka sauka a kafaɗata, salati ta ko'ina. Sai na ji ina kuka, kuka na gaske, ban kuma san wa nake yi wa ba.

Mai hular ya zauna a teburin malami yana kiran iyalai ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya yi mini sannu ba tare da ya ɗago ba, ya gaji da sannun.

"Akwai mutum uku a babban asibiti da ba a gane su ba tukuna," ya ce. "Wuta ta taɓa fuska, ba sa iya magana, kayan jikinsu sun ƙone. Mijinki dogo ne ko gajere?"

"Gajere ne."

Ya rubuta. "To cikin biyun za a duba miki, in an kammala yi musu aiki. Na ukun dogo ne sosai, ba naki ba ne. Shi ma numfashinsa ba ya yi wa likitoci daɗi, suna ta tambayar ko yana da wani ciwo da ma. Har yanzu ba wanda ya zo nemansa." Ya ɗaga ido ya wuce ni. "Na gaba."

Kafin magariba aka ce 'yan layi na biyu zuwa sama za su iya komawa. Na miƙe zan zame, Maman Biyu ta riƙe mayafina. Ta riga ta damƙa yaran ga surukarta.

"Wallahi ba zan bar ki ki shiga gidan nan ke kaɗai ba."

Na ce ta je ta ji da nata gidan. Ta ce nata ba inda zai je. Haka muka taho, tana riƙe da hannuna a hanya kamar ni ce marar lafiya. Na buɗe kwaɗon a gabanta. Wankina na nan a igiya, ya yi baƙi ƙirin. Sawun jinin ma na nan, ta gani ta ce, "Kai, Yaya, kin yanke ba ki faɗa ba," ta ɗauki tsintsiya a bayan ƙofa ta shiga falo ta fara tara gilashi.

Na ce bari in cire kaya. Na shiga uwar ɗaki na saki labule.

Mijina na zaune a ƙasa tsakanin gado da bango, ya ɗaure ƙafafunsa da tsohon ɗankwalina, kuncin ya ƙara hawa. Wayarsa na gefe a kashe. Na durƙusa kusa da kunnensa.

"Sunanka na bakwai. Akwai dogo ɗaya a asibiti, da rai, ba a san mai shi ba. Likitoci na tambayar ƙirjinsa."

Ya rufe ido. "Wa ke falo?"

"Matarsa."

"Me ya sa kika shigo da ita?"

"Ni na shigo da ita? Ta zo yi mini jaje ne, maigida. Ka mutu ai, ba ka ji ba?"

"Yi a hankali." Ya kama hannuna. "Ki bari zuwa gobe in yi tunani. Za su ce ni na kashe mutum goma. Gidan yari fa. Kin san abin da ake nufi?"

Na sani. Tsoronsa ba na banza ba ne, ni ma da shi na yini. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa ganinsa ya cuci kowa ba, ban kuma taɓa jin haushinsa irin na wannan lokacin ba.

"Gobe taka ce," na ce. "Shi ban san ko yana da ita ba. Ko ka fito da ƙafarka, ko in ɗaga labulen."

Na fito na zauna a kujerar da ke kallon ƙofar ɗakin. Maman Biyu ta share rabin falon, ta tara gilashin a kwali. Ta ɗora ruwan shayi ma. Tana shara tana magana, irin maganar da ake yi wa mai jiran labari don kada shiru ya yi yawa.

"Da Baban Biyu ya dawo zan tura shi asibitin. Ai ya fi kowa sanin Direba, ko yatsan ƙafarsa ya gani zai gane. Ni mamakinsa ma nake, duk garin nan an ji, a ce har yanzu bai taho ba. Bari ya zo ya same ni."

Na saurara. Daga ɗaki ba motsi. Na bari ta share ƙarƙashin tebur, na bari ta kai bakin taga. Butar ta fara tafasa. Sai na tashi na je na yaye labulen gaba ɗaya, na rataya shi a kan ƙofa.

Ya miƙe tsaye, wannan kam ya yi. Ya fito yana ɗingishi ya tsaya a bakin ƙofar, idonsa a ƙasa.

Maman Biyu ta ƙwalla ƙara. Ta yar da tsintsiya ta rungume ni har muka kusa faɗuwa. "Alhamdulillahi! Yaya, ga shi! Direba, kai ne? Allah mun gode maka!" Tana dariya tana hawaye, tana dukan bayana. Murnarta ta gaske ce, ban taɓa ganin wanda ya yi mini murna haka ba. "Ta ina ka fito? Yaya aka yi ka shigo, gidan a kulle..."

Ta tsaya. Hannunta na kafaɗata, na ji nauyinsa ya canza. Ta dubi singiletin, ta dubi kuncin, ta dubi ƙafafun da aka ɗaure da ɗankwali. Matar ma'aikaci ce, ba ta buƙatar a yi mata bayani.

"Ba ka je ba," ta ce.

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"To wa ya manna katin?"

Ni na faɗa mata. Na faɗa mata na asibitin ma, da abin da likitoci ke tambaya. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta sauke hannunta daga kafaɗata, ta je ta kashe wutar butar, ta gyara ɗaurin zaninta. A bakin ƙofa ta tsaya tana neman takalminta ɗaya da ƙafa.

"Tun yaushe kika sani, Yaya?"

"Tun safe."

Ta gyaɗa kai. Ta juyo ta dubi falon, rabin da ta share da rabin da ya rage.

"Kika bar ni ina miki shara," ta ce.

Ta fita. Na ɗauki mayafi na bi bayanta, mijina na biye da ni yana jan ƙafa, maƙwabta na fitowa ƙofofinsu suna kallonsa baki buɗe. A bakin titi ta tare mota. Mun kusa isa, ta gan mu sarai, ta ja ƙofar ta rufe.