Shuɗin 'Yan Fareti

Ni dai tun farko raina bai kwanta da aikin nan ba, amma wa yake jin maganar Aina'u a gidanmu? Ni tela ce, shagona yana zauren gidanmu a Dakata, inda tireloli ke wucewa su girgiza mini keke har zare ya tsinke. Babana, Malam Alhassan, shekara ashirin da shida ya yi yana haɗa kala a sashen rini na wata masaƙa a Bompai. Da masaƙar ta rufe, sai ya raba duro biyu ya kafa a tsakar gida, yana rina wa mata shadda da tsofaffin zannuwa. Mutum ne mai sauƙin kai a kan komai, ban da kala. A nan kam ko limamin unguwa ba ya ja da shi.

Wata Talata da hantsi Baba Irmiya ya yi sallama, ɗan adaidaita na biye da shi da akwatin ƙarfe a ka. Abokin Baba ne tun masaƙa, shi ne mai kula da sito a lokacin. Kirista ne, mutumin Kagoro, kuma tsohon kyaftin na ƙungiyar samarin cocinsu, waɗannan masu maci da ganga da begila da muke ce wa 'yan fareti. Ya ce ƙungiyar tasu za ta cika shekara hamsin nan da mako uku, kuma sun shirya a yi fareti sahu-sahu, kowane sahu da yunifom ɗin zamaninsa.

Bai nemi iznina ba ya ture mini ɗinkin mutane gefe, ya shiga baje kaya a kan teburin yankana, yana ba mu tarihi. A farko, in ji shi, babu wani yunifom. Yaro zai zo da kayan gidansu, yagagge ko lafiyayye, sai a ɗora masa hula, a ɗaura masa bel na fata mai kan tagulla, a rataya masa farar jaka a kafaɗa. Jakar ma da buhun fulawa matan coci suka ɗinka ta, har yau in ka ɗaga ta a rana za ka ga rubutun buhun yana leƙowa. Daga nan aka koma farar riga da gajeren wandon kaki, wanda iyaye mata suka tsana kamar me, don maci ɗaya a taɓon damina ya isa a kwana biyu ana dirza. Na ƙarshe shi ne na yanzu, yadin roba na kasuwa, kowace shekara da irin shuɗin da aka samu, yara na gumi a ciki kamar an ƙulle su a leda.

Duk waɗannan yana da su a akwati. Wanda ya rasa shi ne na tsakiya, shuɗiyar rigar da suka sa shekara goma sha shida. Riguna duk sun mutu a jikin yara da ƙannensu. Abin da ya rage ƙyalle ne guda, bai fi tafin hannu biyu ba, naɗe a takarda a ƙasan akwatin, bai taɓa ganin ruwa ko rana ba. Ya ce ya zaga Kantin Kwari layi-layi da ƙyallen nan, babu irinsa.

Ina kuwa za a samu irinsa, alhali kuskure ne? Labarin nan duk 'yan gidanmu mun haddace shi. A shekarar 1984, Baba yana sabon shiga haɗa kala, aka ba shi aikin shuɗi mai duhu na kayan masu gadi. Ko bokiti ne ba a ɗauraye ba, ko sikeli ne ya zame masa, Allah kaɗai ya sani, sai ga bandir goma sha biyu sun fito da wani shuɗi da babu sunansa a littafin kamfani. Manaja ya ce a kore shi, ga mahaifiyarmu da tsohon cikin yayana Auwalu. Baba Irmiya ne ya je ofis ya ce cocinsu na so, za su kwashe duka. Da haka Baba ya tsira da aikinsa, da haka kuma 'yan fareti suka samu shuɗin da babu mai shi a duk Kano.

Yanzu tsofaffi goma sha biyu da suka sa rigar suna yara, su ne za su yi maci a cikinta. Baba zai rina, ni in ɗinka. Baba Irmiya ya ƙara da cewa an tanadar wa Baba kujera a gaba ranar bikin, kuma za a kira sunansa a lasifika a ce ga mai rinin.

Baba ya karɓi ƙyallen ya nufi bakin ƙofa inda haske yake. Ya juya shi, ya kusanto da shi fuska, ya nisanta, sannan ya girgiza kai.

"Wannan ai ya koɗe, Irmiya. Ya koma toka-toka."

Ƙyallen nan shuɗi ne garau, yana ɗaukar ido kamar jiya aka tsamo shi daga tukunya. Na dubi Baba Irmiya, ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hula a akwati.

Ba wai ban sani ba ne. Shekara guda ke nan ina ganin Baba yana zuba shayi a gefen kofi. Matan da suke kawo masa rini sun janye ɗaya bayan ɗaya, kowace da uzurinta, babu wadda ta faɗi gaskiya. Likita a asibitin ido ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, aiki za a yi. Baba ya ce idon da ya ci abinci da shi shekara arba'in ba wanda zai sa masa wuƙa, ya shuri takalmansa ya bar ni a layin karɓar magani.

To ga shi yanzu ya mayar da ƙyallen cikin takarda, ya ce ba ya bukatarsa, kalar tana cikin kansa daram, ni kuwa na ɗauka na adana. Ban taɓa ganin ya yi saurin amsa wani aiki haka ba. Da Baba Irmiya ya tafi, ya ce da ni shekara arba'in yana neman hanyar da zai saka wa mutumin nan, sai yau Allah ya kawo.

Washegari aka kawo farin yadin auduga, yadi talatin. Baba yana da ƙa'idarsa ta masaƙa: ba ya duba kala tana jiƙe, sai an busar an goge, kuma sai da safe a inuwa. Kwana huɗu yana gwaji da ƙananan ƙyallaye, ni nake goge masa. Kowane ya duba sai ya ce bai tashi ba, ya ƙara garin rini, ya ɗiga ja. Ina kallo shuɗin yana gudu, yana gudu, har ya bar gidan shuɗi gaba ɗaya. Rana ta huɗu ya yi murmushi ya ce alhamdulillahi, ya tsoma yadi talatin ɗin duka. Abin da ya fito a kan igiya shanshanbale ne, irin wanda 'yan mata ke fitarwa anko.

Ni da ake cewa bakina ba ya shiru, ni da nake wanke direban tirela tas in ya tare mini ƙofar shago, sai ga ni na kasa faɗa wa Baba gaskiya. Na kira Auwalu a wurin aikinsa a Challawa, ya ce ai ke kike gida, ke kika san yadda za ki lallaɓa shi, ya kashe waya. Allah ya shirya mini Auwalu.

Ranar Asabar Baba Irmiya ya zo gani. Ya tsaya gaban igiya ya daɗe, hannayensa a baya. Baba yana gefensa sai mutsu-mutsu yake kamar ɗalibi ranar sakamako, ya tambaye shi yaya ya gani.

"Shi ne, Alhassan. Shi ne sak."

Baba ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun kafin a rufe masaƙa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na bi Baba Irmiya zaure, na rage murya na ce masa, da girmanku da komai, don me za ku yi masa ƙarya? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ke da kike 'yarsa, kwana huɗu kina riƙe da dutsen guga, me ya hana ki faɗa? Ya ce in ɗinka kawai, tsofaffin za su yi gunaguni, shi zai shanye, zai ce shi ya zaɓi kalar.

Amma ai ba a ɓoye za a sa rigunan ba. Mutum goma sha biyu da suka san shuɗin nan kamar yadda suka san sunayensu, za su fito gaban jama'a cikin kalar anko, a kira sunan babana a lasifika, yana zaune a gaba yana murmushi, shi kaɗai ne bai san me ake gani ba. Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan.

Da safe na shimfiɗa yadin a tebur, na zana da alli, na ɗauki almakashi. Na ajiye. Na sake ɗauka. Ina cikin haka Baba ya shigo ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, abin da ba ya yi. Sannan ya ce shekara ashirin da shida ya yi yana kai wa Irmiya kaya sito, bai taɓa karɓar bandir guda bai samo masa aibu ba, ko da zare ɗaya ne ya tashi. Jiya kuwa yadi talatin, ko taɓawa bai yi ba.

"Aina'u, ki ji tsoron Allah ki faɗa mini. Wace kala ce a kan teburin nan?"

"Shanshanbale ce, Baba."

"Ƙyallen Irmiya fa?"

"Bai koɗe ba. Shuɗi ne garau, ko ɗigon toka babu a cikinsa."

Na jira faɗa. Na fi son ya yi faɗan ma, ya ce yaushe aka haife ni da zan koya masa kala. Bai yi ba. Ya zauna yana kallon hannayensa, waɗanda rini ya shige wa farce har ba ya fita. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in ce wasa nake yi. Can ya tambaya ko ina da farin yadin auduga a shago. Na ce akwai bandir guda da na ajiye don hijaban Islamiyya.

"Ɗauko. Ke za ki duba, ni in auna."

Kada wani ya ɗauka abin ya zo da daɗi. Safiya biyar muka yi, kuma kowace sai mun yi rigima. In na ce ya kusa, sai ya ce babu wata kala mai suna ya kusa, in faɗa masa ko ya karkata wajen kore ne ko wajen ja, ya yi nauyi ne ko ya yi ruwa. In na ce ban sani ba, ya ce in kai gwajin da tsohon ƙyallen inuwar bango in kawar da kai, in ƙirga goma, sannan in duba da kallon farko, don kallo na biyu maƙaryaci ne. Ni kuma in ce ai da kun yarda an yi muku aikin ido, da duk ba mu sha wannan wahalar ba. Ya yi kamar bai ji ba. Amma hannunsa, tubarkalla, hannunsa bai manta komai ba. Zai ɗebi garin rini a bakin cokali ya faɗi nauyinsa kafin in karanta sikeli, kuma haka zan tarar.

A safiya ta huɗu na ce masa namu ya yi kyau, amma na Baba Irmiya yana da wani sanyi-sanyi a ƙasansa da namu ba shi da shi. Ya ce to lallai bokitin masaƙa ne na wancan lokacin, kore aka haɗa a cikinsa kafin a ba shi. Ya sa yatsu biyu ya tsinci kore ɗan mitsitsi ya jefa a ruwan.

A ta biyar na goge gwajin, na ɗora shi a kan tsohon ƙyallen, rabi a kan rabi. Na kawar da kai na ƙirga goma na duba. Na nemi inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, na rasa. Na ce Baba, ya yi. Bai tambaye ni ko na tabbata ba. Ya ce a hura wuta a ƙarƙashin duro.

Da yadin ya bushe na goge shi, sai ya ce in ba shi. Ya ɗauki gefe guda ya tafi bakin ƙofa, ya ɗaga shi a haske, ya kusanto da shi har yana taɓa hancinsa. Ya daɗe a haka. Tsakar gidanmu duk ta ɗauki shuɗin nan, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar ko na sayarwa ne.

"Toka nake gani, Aina'u," ya ce. Ya ce tun ranar da aka fara maganar, abin da yake ta ɗoki ke nan, ya ƙara ganin shuɗin nan sau ɗaya. Ya shafa yadin da bayan hannu. "Amma yana da kyau?"

"Yana da kyau ƙwarai, Baba."

"To, yanka."

Na shimfiɗa na fara yanka, ina share ido da gefen mayafi don kada hawaye ya ɗiga a kan aikinsa. Shi kuma ya koma kan benci ya zauna, ya jingina kansa da bango, yana sauraron almakashi har na fitar da riga goma sha biyu.