Iyafis Mai Kunne Ɗaya

Mijina Malam Mijinyawa bai bar mini hoto na kirki ba. Wanda ke jikin katinsa ya ɓata fuska kamar an kamo shi da laifi. Abin da ya bar mini muryarsa ce, a cikin wayata.

Fataucin albasa yake yi. Daga nan Fatakwal yake tafiya arewa ya yi lodi, ya biyo motar har ta iso. Bai iya rubutun boko ba, ni ma nawa sai a hankali, don haka magana yake dannawa ya turo mini. Yau taya ta fashe musu a Lokoja. Gobe ya ci wani tuwo a hanya, miyar kamar ruwan wanke hannu. Kullum da "Hajiyata" yake farawa, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ban goge ko ɗaya ba. Ba don na san zai riga ni ba ne, gogewar ce ban iya ba.

Lasifikar wayar ta lalace tun ranar da ta faɗa bokitin wanki, in an kunna sai kukan kwaɗo. Shi ya sa ya sayo mini iyafis a tasha, fari, irin wanda ake ratayawa a jikin kwali. Kunnen hagu ya mutu da wuri. Inda wayar iyafis ɗin ta tsage shi ya naɗe mini da baƙin salatif. Da kunne ɗaya nake jin sa, muryar 'yar siririya, kamar yana magana ta cikin gwangwanin madara. Amma shi ne, da saurin bakinsa da tsokanarsa.

Ciwon ƙirji ya ɗauke shi da damina. Ba zan ja maganar ba. A makonnin ƙarshe numfashinsa ya koma da wani ɗan fito, in ya ja iska sai ka ji kamar ana hura tsagaggen kara. Da shi nake tashi, da shi nake yini. Ranar da aka fita da Malam, bayan na roƙa masa gafara, abin da na roƙa wa kaina shi ne Allah Ya cire mini wannan fiton daga kunne.

Na yi takaba a ɗakinmu na haya a Borokiri. Gidan ba ya shiru. Janaretan wannan ya mutu na wancan ya tashi, cocin da ke bayanmu tana gwajin ganguna, maƙwabciyarmu Mama Tamuno tana suyar kifi tana faɗa da jikokinta. Bayan la'asar nakan zauna a tabarma in sa iyafis ɗin, in kunna saƙo ɗaya ko biyu. A cikinsu lafiyarsa ƙalau. A hankali fiton ya fara barina, mutumin Lokoja mai ƙorafin miya ya dawo.

Sai ɗana Abdurrahim ya zo daga Inugu. A unguwar Uwani yake zaune, yana aiki a shagon kayan wuta kusa da kasuwar Kenyatta. Tun yana ƙarami shi da rediyo ne, ya kwance ya ɗaura. Bai ga jinyar ubansa ba, don Malam ya hana a gaya masa yadda abin ya yi nisa. Ko jana'iza bai riska ba, motarsu tana hanya aka rufe shi. Wannan abin yana cin yaron, na sani, ko da bai faɗa ba.

Ya same ni a tabarma da wayar salatif a kunne. Ya tsaya yana kallo.

"Umma, da wannan kike jin Baba?"

"Da shi."

"Haba Umma. Ai rabin muryarsa kike ji. Rabin ma bai kai ba."

Ya buɗe jakarsa ya fito da kwali. A ciki akwai hedifon baƙi, babba, mai laushi kamar matashin kai na jarirai, ba shi da waya ko ɗaya. Ya ce ya daɗe yana tari kafin ya saya. Na tambaye shi tsadarsa, ya ƙi faɗa, nan na gane abin ya yi yawa.

Kafin a jima labari ya zaga tsakar gida. Ina daga bakin ƙofa bayan labule ina kallo. Hajaratu mai koko, ƙawata, ita ta fara ɗorawa a kan ɗankwalinta. Abdurrahim ya danna wani abu a gefe. Sai ta zaro ido ta ɗaga murya kamar tana kiran wani a hayin ruwa.

"Wayyo! An ɗauke wuta ne? Ina janaretan ya tafi?"

"Yana nan, Inna Hajaratu," in ji shi yana dariya. "Abin ne yake kashe hayaniya."

Ta cire da sauri. "A'a, ɗana. Wannan ai sai ɓarawo ya kwashe ɗaki har da kai ba ka ji ba. Kamar an jefa ni rijiya."

Gimba mai tsire yana wanke tirensa a famfo. Ya goge hannu a riga ya karɓa. Aka sa masa waƙa. Ya ɗan karkata kai, ya yamutsa fuska.

"Ina dundun?"

"Wane dundu, Kawu?"

"Wanda zai buga maka a ƙirji har haƙoranka su motsa. Nawa na gida in na kunna, kitse ma rawa yake a wuta."

"Kawu, naka ƙarya yake maka. Ƙara gangar yake yi don ya rufe sauran. Wannan ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Yadda aka ɗauki sauti haka zai ba ka."

Gimba ya miƙa masa. "To in ba ya ƙara komai, me ka saya?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Mama Tamuno ma ta gwada, ta ce, "E fine, but my ear dey sweat," wai kunnenta har ya yi gumi. Abdurrahim ya ce musu duk kunnuwansu sun saba da kayan tasha, ba su san abu mai kyau ba. Ya haɗa mini shi da wayata, ya nuna mini wajen kunnawa da wajen caji. Na ce Allah Ya yi albarka. Ban sa ba a gabansa. Washegari ya share mini ɗaki tas, ya koma Inugu.

Ranar Litinin bayan la'asar na ɗora abin a kaina. Gaskiyar Hajaratu ce, duniya ta ɗauke cak. Na kunna saƙon Lokoja.

"Hajiyata."

Na zabura na waiga. Wallahi na ɗauka yana bayana. Muryar cikakkiya, mai kauri, a kunne biyu. Na ji ƙarar motocin da ke wucewa, na ji wani yana tallan ruwa can nesa, na ji yadda yake taɓa harshe kafin ya yi tsokana. Na ce a raina yaron nan ya yi gaskiya.

Sai ya tsaya ya ja numfashi.

Fiton yana nan. Ƙarami, siriri, amma shi ne. Na mayar baya na sake ji. Yana nan. Na koma saƙon da ya fi wannan tsufa, na lokacin azumi, yana nan. Na wanda ya gabace shi, yana nan. Duk inda Malam ya tsaya tsakanin magana da magana, ciwon yana zaune yana jira. Ashe mutumin da nake zuwa wurinsa kullum bayan la'asar don in huta, shi ma marar lafiya ne.

Na cire abin na ajiye a kan gado. Na sa hannu ƙarƙashin matashi in ɗauko tsohon. Babu. Na zazzage tabarma, na duba bayan akwati, cikin kwanukan jere. Na kira Abdurrahim.

"Wai wannan mai salatif ɗin? Na haɗa shi da shara, Umma. Me za ki yi da shi yanzu?"

Masu kwasar shara sun zo tun safe. Ban yi masa faɗa ba, ba ni da ƙarfin faɗa. Na ce to, na kashe.

Na yi makonni ban kunna komai ba. Hajaratu ta ara mini nata iyafis ɗin, amma nata yana da ɗan kyau, fiton yana leƙowa. Na gwada lasifikar waya, kwaɗo ya yi ta kuka, ga yaran gida suna taruwa a taga. La'asar ta koma mini lokacin da na fi ƙi. In na rufe ido in tuno Malam, ba Lokoja nake ji ba, gadon jinya nake ji. Na fara tsoron cewa in na mutu da wannan zan tafi, muryar da na zauna da ita shekara da shekaru ta ɓace a ƙarƙashin fiton 'yan makonni.

Da Abdurrahim ya sake zuwa ya tarar da hedifon a cikin kwalinsa, a kan akwati, na ɗora faifai a kai.

"Umma, ba kya sawa?"

"Ka tafi da kayanka. Kai ka san daɗinsa."

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Lafiyar ce ta yi masa yawa."

Ransa ya ɓaci. Ya ce shi bai san me zai yi ya burge mu ba. Ya ce su Gimba sun zuga ni, mutanen da ba su san bambancin sauti da ƙarar injin markaɗe ba. Ya ce ya kawo mini Baba kamar yana raye, ni kuma na fi son gwangwani. Yana magana yana cakuɗa Hausa da Turancin kasuwa yadda yake yi in ya hasala.

Na ce, "Zauna."

Ya zauna. Na ciro abin na ɗora masa a kai da hannuna. Na kunna saƙon Lokoja.

Da farko ya yi murmushi. Har ya ɗaga mini yatsa, wai kin ji ko. Ina kallon fuskarsa, na san daidai inda Malam zai tsaya. Murmushin ya tafi. Ya mayar baya. Shi mai kunne ne, bai buƙaci a nuna masa ba. Ya sake mayarwa. Sai ya zame hedifon zuwa wuyansa.

"Mene ne wannan, Umma?"

"Shi ne abin. Haka ya fara. Daga baya ya fi haka, har Mama Tamuno tana ji ta bango."

"Tun yaushe?"

"Ni ma abinka ne ya gaya mini tun yaushe."

Ya sunkuyar da kai. Na ce masa, "Ni na ji wannan da kunnena, ba dare ba rana, ba na neman ƙari. Wancan da ka jefar ba ya iya ɗauko shi. Ba shi da kyau, na sani. Shi ya sa nake so."

Ya tashi ya sa takalmi ya fita, ko ruwan da na zuba masa bai sha ba.

Sai bayan azahar ya dawo, rigarsa jiƙe da gumi, da baƙar leda a hannu. Ya juye ta a tabarma. Iyafis ne kala-kala, fari da ja da kore, wasu ko kwali ba su da shi. Hajaratu da ta shigo da kwanon koko ta riƙe baki.

"Ɗana, shago za ka buɗe wa uwarka?"

"Inna, bari kawai. Duk teburin da na je sai a ce ga orijinal. In ce marar kyau nake nema, wanda ya fi kowanne rashin kyau. Wani ya ce in bar masa wurinsa, wai na zo yi masa ba'a."

"Da ka je wurin Gimba, ai da ya ba ka kyauta."

Ya yi 'yar dariya, idonsa ja. Ya zauna kusa da ni ya karɓi wayar. Shi yake fara sawa ya saurara, in ya ji fiton ya ture gefe, ba ya bari ya iso kunnena. Jan ya ture. Koren ya ce dundu ya yi masa yawa, ya mayar da Baba kamar mai magana a cikin tulu. Haka har ya zo kan wani fari mai siririyar waya. Ya daɗe yana ji. Ya mayar baya ya sake. Sannan ya miƙo mini.

"Wannan ba ya jin komai, Umma. Gwada."

Na sa kunnen dama kawai, na bar na hagu yana lilo. Janareta yana yi, Mama Tamuno tana kiran wani jikanta da suna uku.

"Hajiyata."

Siririya, ƙarama, daga cikin gwangwani. Ba daidai da na da ba, wannan ya fi shi tsini kaɗan. Ya yi ƙorafin tayar, ya zo wajen da yake tsayawa. Na riƙe numfashina. Ba fito, sai ɗan shuu na waya mai arha. Na san yana nan a ƙasa, wannan sanin ba zai fita ba kuma. Amma Malam ya wuce wajen, ya shiga maganar miya, na ji bakina ya motsa da murmushi.

"Ya yi?" in ji Abdurrahim.

"Zai yi."

Da zai koma Inugu ya mayar da hedifon cikin jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce in tura masa saƙonnin, duka. Na ce ban iya ba. Ya dawo ya zauna ya tura wa kansa.

Na ce, "Da wanne za ka ji?"

Ya taɓa jakar. "Da wannan, Umma. Ni ban ji shi ba lokacin jinyar."

Na bar shi. Da la'asar ta yi na shimfiɗa tabarmata, na naɗe farar wayar a yatsa don kada ta tsage, na sa a kunnen dama.