Biron Totuwar Masara

Tun da Auta, ƙanena, ya sayo ɗan injin nan mai juya itace, babu abin da ya ƙara zama lafiya a gidanmu. Ka ajiye abu ka juya baya, sai ka tarar ya zama biro. Ƙahon saniya, ɓawon kwakwa, ƙwallayen dabino da yake haɗewa da gam, har ƙotar tsohuwar lemar Mama bai ƙyale ba. Sai ya huda abin, ya zura masa siririn bututu, ya ɗaura a inji, abin yana juyawa shi kuma yana fere shi da ƙarfe mai kaifi, sannan ya bi shi da samfefa har sai ya yi sheƙi. Gareji ya koma nasa, motar Baba kuwa rana take sha a waje.

Ni ce babbar yayarsa, na yi faɗan har na gaji, ko a jikinsa. Gaskiya dai yana da hannu, amma ban taɓa faɗa masa ba, don kansa ya isa girma haka nan.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Ya tashi, alhamdulillahi, amma harshensa ya yi nauyi, magana ba ta fita, yatsun hannunsa na dama kuma ba sa rufuwa sosai. Likita ya ce hankalinsa garau yake, a ba shi abin rubutu, wataƙila ya riƙa faɗa mana abin da yake so. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a aji, ga shi zaune a falo yana binmu da ido. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma tsorona shi ne kada mu ƙare ba mu sake jin ko kalma ɗaya daga gare shi ba.

Auta ya ɗauki abin da zafi. Ya shige gareji, ya fito da biron ƙaho, siriri, baƙi wuluk, yana ɗaukar ido. Ya miƙa wa Baba da hannu biyu, baki har kunne. Baba ya kama, biro ya sulale ya faɗi ƙasan kujera.

"Nauyi ya yi masa," in ji Auta. Ya koma ya yi na ɓawon kwakwa, ya ƙara sirantar da shi, ya ƙara gogewa. Shi ma ya sulale. Duk wanda ya faɗi, sai Auta ya ga ai laifin rashin kyau ne, na gaba sai ya fi santsi. Ni kuma aikina ya zama durƙuso ina laluben biro a ƙarƙashin kujeru, da shekaruna da komai. Baba ya fara kawar da kai idan ya ga an nufo shi da takarda.

Wata rana da hantsi na shiga falo, sai wani wari ya tare ni. Na duba bakin taga, ga totuwar masara guda, ƙatuwa, ta sha gam ta bushe ƙamas, an riga an zura mata bututu, kan biro yana leƙowa daga ƙarshenta. Na ɗauko ta da yatsa biyu na ƙwala masa kira.

"Auta! Yanzu har bola ka fara kwaso mana falo?"

Ya shigo da gudu, garin katako har a gira. "Yaya, don Allah ajiye! Sai ta bushe sosai ake ɗaura ta a inji, in ba haka ba tarwatsewa take yi. Garejin ne da danshi."

"To sai ka shanya a kan gadonka."

"Na Baba ne fa. Bari ki ga in na fere ta, kamar fatar maciji za ta fito."

"Ita ma ta sulale, ni kuma in durƙusa, ko?"

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, wai ta zo raba mu, amma muryarta ta fi tamu tashi. Na cika na batse, na dangwarar da totuwar a kan ɗan teburin da ke gaban Baba don in sami hannun nuna Auta da kyau. Muna cikin haka, kowa ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, sai Mama ta tsaya cak tana kallon bayana.

Baba ne ya ɗauki totuwar. Kaurinta ya cika masa tafin hannu daidai inda yatsunsa suke tsayawa, kaushinta kuma ya hana ta zamewa. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ba ta faɗi ba.

Auta, da yake ba a raba shi da halinsa, ya matsa yana miƙa hannu. "Baba, kawo, ban gama ba. Ko samfefa ba ta gani ba."

Baba ya ƙwala masa ita a bayan hannu. Na rantse ban taɓa jin daɗin dukan da aka yi wa wani kamar wannan ba.

Na jawo takarda da sauri na danne wa Baba gefenta. Haruffan suna fitowa manya, a karkace, kowanne sai ya huta kafin ya kama na gaba. Muka sunkuya a kansa mu duka, ni har na fara tanadin hawaye, ina jiran addu'a ko wasiyya. Auta ne ya karanta a fili.

"Ku yi mini shiru."

Mama ta fashe da dariya, ta zauna a hannun kujerar Baba, dariyar ta juye ta zama kuka, ludayin yana cinyarta. Ta share ido da bayan hannu, ta juya takardar zuwa inda ba a rubuta komai ba, ta tura masa gabansa.

"Ba za mu yi shirun ba," in ji ta. "In ka isa, sake rubutawa."