Ɗan Layin da Babu a Takardar Jalo

Shekara tara takardar tana ƙarƙashin katifar Salihu. Da Gogo, ƙanwar babansu da ta raine shi da ƙanensa Jalo, ta kwanta ciwo, kullum tambayarta ɗaya: me Jalo ya yi aka harbe shi? Sai Salihu ya ɗauko takardar, ya nufi unguwar Luggere wurin Malama Zipporah, tsohuwar malamar makaranta.

Salihu ne da kansa ya sa aka buga takardar a wani shago a Limawa. Bam ɗin kasuwar Jimeta ya cinye hannun hagun ƙanensa Jalo, ga shi zai je Mubi duba gona, hanya duk shingen jami'an tsaro. Salihu ya ce a rubuta da Turanci cewa mai hannu ɗaya ne, a tausaya masa. Aka buga biyu, Jalo ya tafi da ɗaya, sanye da babbar riga don ɓoye dungulmin. Direban motar ya ce a shinge na uku Jalo ya miƙa takardar, aka daka masa tsawa ya ɗaga hannuwa. Ɗaya kawai ya tashi.

Zipporah ta karanta, ta cire tabarau.

"Malam Salihu, wane jaki ya buga wannan?"

"Malama, karanta mini kawai."

"One armed man. Wato mutum ɗaya mai makami."

"Hannu na ce! Wallahi hannu na ce masa!"

"Na yarda. A Turanci hannu arm ne, makami ma haka. Asalinsu daban, suka zo suka yi kama." Ta sa farce tsakanin kalmomi biyun farko. "Da an ja ɗan layi nan, shi ke nan, mai hannu ɗaya."

Salihu ya kalli wurin. Ko ƙwayar shinkafa ba za ta shiga ba.

"Har murna na yi da ta fito da Turanci," ya ce. "Ni na sa masa ita a aljihu."

Ta kawo masa ruwa, bai sha ba.

A gida ya tarar da Gogo a tabarma, ta juya ga bango. Ya durƙusa.

"Gogo, an karanta. Jalo bai yi komai ba."

"Na sani. To wa ya yi?"

Ya buɗe baki zai ce mai shago, ya fasa.

"Ni ne, Gogo."

Ba ta juyo ba. Ta dai miƙo hannu ta baya, tana laluben kansa.