Ludayin Anti Eunice

"Mama Binta, ta ce ki shigo," in ji Hadassah, tana riƙe da labule.

Na tsaya da kwanon kunun gyaɗa a hannu kamar wadda aka kama da sata. Wata takwas rabona da ɗakin nan, alhali bango ɗaya ya raba mu a gidan hayarmu na Barnawa. Uwar Hadassah, Anti Eunice, malamar 'yan nazare ce, kuma tun da aka sallamo ta daga asibiti ranar Talata kowa ya san ba sallamar samun sauƙi ba ce.

Bari in faɗa muku laifina da bakina, kafin wata ta riga ni. Jikata Jamila 'yar ajinta ce. Wata rana ta dawo tana ba ni labari, wai Anti tana da ludayin duma. In yara biyu suka yi faɗa, sai ta zaunar da su a tabarma. Mai ludayi a hannu shi ke magana, ya faɗi yadda ransa ya ji. Ɗayan ya yi shiru, kuma ba a ba shi ludayin sai ya maimaita abin da aka ce. Ni kuwa na ɗauki zancen na kai wurin niƙa, na zuba masa gishiri. Na ce ba karatu take koyarwa ba, sirrin gidajen mutane take tatsa daga bakin yara. Kafin Juma'a zance ya kai har unguwar Narayi. Iyaye uku suka cire 'ya'yansu, hedimasta ya kira ta ofis. Ba ta taɓa ce min komai ba. Kullum sai ta gaishe ni, ni ce nake amsawa ina kallon bokiti.

Na same ta a jingine da filo biyu, ta rame har zoben aurenta yana yawo a yatsa. Ga takardun da 'yan ajinta suka aiko an manna a bango, duk zanen mutane masu manyan kawuna. Ga ludayin a cinyarta, bakinsa ya ɗan ɓare.

"Sannu, Anti, ya jikin? Ai kin ma yi kyau! Jiya nake ce wa maƙwabciyarmu Maman Tracy..."

Ta ɗaga ludayin. "Mama, a hannun wa yake?"

"Naki."

"To."

Na zauna a bakin gado na kama bakina. Wallahi ciwon haƙori ya fi sauƙi.

"Ranar da aka kira ni ofis," ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, "na shiga banɗaki na yi kuka. Ba don aikin ba. Ke kika yi min wankan jego da na haifi Hadassah, lokacin ba ni da kowa a Kaduna. Raina ya ɓaci. Kuma na yi kewarki."

"Ai ni ba haka na ce ba, su Maman Tracy ne suka..."

"Maimaita, Mama."

Na dubi Hadassah ko za ta cece ni. Yarinyar ta juya tana gyara labule.

"Na ji kin ce kin yi kuka," na ce. "Ranki ya ɓaci. Kin yi kewata."

Sai ta miƙo min ludayin. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba tun ina 'yar talla, na riƙe shi ina jujjuyawa.

"Haushi na ji," na ce. "Da, in Jamila ta yi kuka, cinyata take zuwa. Yanzu sai ta ja numfashi sau uku ta ce haka Anti ta koya musu. Na yi miki ƙarya, Eunice. Ki yafe min."

"Na ji kin ce kin ji haushi, kin yi ƙarya, kina so in yafe." Ta yi murmushi. "Na yafe. Amma 'yan shekara huɗu sun fi ki saurin koyo. Miƙo kunun nan, Allah ya sa ba ki cika tsamiya ba kamar kullum."

Cokali uku ta sha. Ranar Alhamis da hantsi ta cika, ina shanya a tsakar gida na ji kukan Hadassah.

A ƙarƙashin rumfar zaman makoki, matan cocinsu na gama waƙa ke nan, Maman Tracy ta zungure ni da gwiwar hannu. "Mama, an ce kun daɗe a ɗaki. Me ta ce miki?"

Matan layi duk suka matso. Na ciro ludayin da Eunice ta bar min daga cikin mayafina.

"Abin da na faɗa muku a wurin niƙa ƙarya ne. Ni na ƙirƙira."

"Haba Mama, ai ya wuce..."

"Maimaita," na ce. Sai da ta maimaita.

Ranar Litinin na raka Jamila har bakin titi na tsayar mata da Keke Napep. Na sa mata ludayin a jaka ta kai ajinsu, amma jakar ta yi ƙanƙanta, zif ɗin ya ƙi rufuwa. Ina nan tsaye har suka sha kwana, ƙotar ludayin tana leƙowa ta bayan kanta.