Kusurwa Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ina kwana a ɗakin katakon da ke ɗore a bayan akori-kurata. Shi ne gidana, ba ni da wani. Da mijina Orville ya rasu, motar ma ta mutu, na samu wata na kai wa Dwight mai gareji ya ɗora mini ɗakin ya ɗaure.

Ranar Talata an gama tsinkar tuffa, ina gangarowa daga dutse sai na ji ƙara a bayana. Ɗakin ya zame, rabi a mota rabi a kwalta, tukwanena suna birgima. Ɗan sanda ya manna masa jar takarda: in ya kai Juma'a a nan, za a janye shi a farfasa. Ga dusar ƙanƙara an ce tana tafe.

Wani direban motar gungume ya rage mini hanya har garejin.

"A'a, Mama Verna! A kawo kofi?" in ji Dwight.

"Sha abinka. Ina ka maƙala sarƙoƙina?"

"Inda ake maƙalawa mana."

"Ƙarya kake, ɗan nan! Orville a ƙashin mota yake kamawa, can ƙasa, kusurwa huɗu. Kai bakin bodi ka huda don ƙyuyar kwanciya a ƙasa." Na wurga masa guntun ƙarfen da ya yage. "Gwangwanin wake ya fi wannan ƙwari."

"Kin sa hannu a takarda, Mama. An rubuta abin da ya faru a hanya ba ruwanmu."

"Ka taɓa ganina da karatu? Layi ka nuna, na zana sunana."

Ya juya mini baya. Ni kuwa na miƙe a bakin ƙofar garejin, kan siminti mai sanyi, inda ba motar da za ta shiga ko ta fita. Na ce sai dai a taka ni.

Matarsa Lorna ta fito daga ofis ta dube ni, ta dube shi.

"Dwight, ɗauko motar ɗaga kaya. Ko kai ma yau ka kwana a bakin hanya."

Muka je. Ya ɗaga ɗakin ya tura shi ciki, ya shiga ƙasan mota yana gunaguni. Na rarrafa na bi shi, ina taɓa kowane noti da hannuna. Kusurwa uku suka kamu. Ta huɗun katakonta ya tsage, ba inda ƙugiya za ta riƙe.

"Kada ki wuce gudun mil ashirin a awa," ya ce, bai kalle ni ba.

Na kunna mota. Lanƙwasar hanya sittin ce tsakanina da kwarin da ke gindin dutsen, kowacce sai na ji ɗakin ya yi ƙara a bayana. Ban kai rabi ba farin abu ya fara sauka a gilashi.